Samma'a a Ƙarƙashin Rawani

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da ƙwaƙwalwata za ta bi sahun kunnuwana ta ajiye aiki, da wata biyun nan da na yi ina ɗan leƙen asiri a Kasuwar Umdurman, alhali ni kaɗai ne ban san an ɗauke ni aikin ba. Abin ya faru a farko-farkon mulkin soja, lokacin da sukari sai da kati, burodi sai da layi, magana kuwa sai an waiga hagu an waiga dama. Ni tela ne, jalabiya nake ɗinkawa. Iyayena sun ƙare rayuwarsu suna tsinkar auduga a gonakin Jazira, ni kuma na gudo birni tun ina saurayi na kama keken ɗinki, Allah Ya sa wa abin albarka har ake kirana Usta, wato gwanin sana'a (ban taɓa hana kowa faɗa ba).

Shagona yana jingine da layin maƙera masu buga tukwane da murhun gawayi. Shekara ashirin da ɗoriya bango ɗaya ne tsakanina da guduma. To kunne dai bai yi mini sallama ba, a hankali ya riƙa zamewa. Da farko tsuntsaye suka daina kuka, na ce motoci ne suka kore su. Daga nan na lura kowa ya koma magana ciki-ciki, sai na ɗora wa gwamnati laifi, kuma a nan kam ban yi mata ƙarya gaba ɗaya ba. Na ƙware da gyaɗa kai. Kowa ya buɗe baki sai in ce "Wallahi haka ne," idan na ga fuskarsa a ɗaure in ce "Allah Ya kyauta," kuma ina ganin babu wanda ya gano ni.

Inda abin yake ci mini rai shi ne wurin shayi. Kullum bayan la'asar mukan taru mu shida ko bakwai, duk Hausawa, a ƙarƙashin wata bishiya bayan layin masu yadi, inda Hajja Batula mai shayi take jera ƙananan kujerunta. A cikinmu akwai Malam Idrisa mai kayan yaji, aminina na shekara talatin. Bayan lori ɗaya muka hau daga Jazira, ɗaki ɗaya muka kama kafin kowa ya yi aure, ɗansa na fari ma sunana ya ci. Idrisa mutum ne mai labari. Zai sunkuyar da kai, kowa ya matso, ya faɗi wani abu ƙasa-ƙasa, sai wurin ya fashe da dariya. Ni ma in yi tawa, amma kullum a makare. Ni kuwa Allah Ya yi ni da bin ƙwaƙƙwafi, ko rediyo na saya sai na kwance bayansa na ga abin da ke ciki. A ce ana faɗin abu a gabana ban san mene ne ba, wannan ya fi mini ciwon haƙori zafi.

Matata Hawwa ce ta kawo ƙarshen zancen. Wata rana a gidanmu na unguwar Alsahafa ta tsaya a gabana ta riƙe ƙugu, ta ɗaga murya yadda har maƙwabta suka amfana.

"Baban Nafisa, ko dai ka je a duba kunnen nan, ko ni in je a duba maƙogwarona. Zaɓi ɗaya."

'Yarmu Nafisa ta riga ta yi bincike. Ta ce akwai wani likitan kunne a tsakiyar Khartum, a saman wani tsohon bene da ko allon suna babu, kusa da ofisoshin gwamnati. Can muka je. Likitan dattijo ne mai haƙuri, kuma ya buƙaci haƙurin, don tambayoyin da na yi masa sun fi waɗanda ya yi mini yawa. Ya sa mini wani abu a kai, ya ce duk lokacin da na ji ƙara in ɗaga hannu. Na zauna ina jira a fara. Can sai ya taɓa ni ya ce an gama.

Ya ce abin da nake buƙata shi ne samma'a, na'urar ƙara ji, ya jera mini iri uku a kan tebur. Ta farko 'yar mitsitsiya ce, a cikin kunne take ɓuya, sai an yi odarta daga waje. Da ya faɗi kuɗinta, wallahi na ji shi sarai ba tare da na'ura ba. Ta biyu a bayan kunne ake maƙala ta, amma batirinta kamar maɓallin riga yake, kuma a wancan lokacin ba ka samunsa sai ka san wani mai dawowa daga Jidda. Ta uku akwati ce kamar kwalin sigari, ana sa ta a aljihu, ga waya doguwa da ke hawa zuwa kunne, ga ɗan abin murzawa a gefe mai lambobi, kuma batirin rediyo take ci, wanda ko wane kanti yana da shi. Na ɗauki akwatin na jujjuya shi, na ce na zaɓe shi ne saboda sauƙin batir. Likita ya kalli takalmina, ya ce zaɓi mai kyau.

Ita ma akwatin ba a banza ta zo ba. Ina da keke na biyu a shago, tsohon keken ƙafa da na fara sana'a da shi. Na sayar wa wani mutum daga can nesa don kada labari ya zaga, na ce wa 'yan kasuwa ya tafi gyara. Hawwa kuma ta cire awarwaronta na zinare ɗaya daga cikin biyun da take da su, ta ajiye a kan tabarma ba ta ce komai ba. (Ko ta ce ɗin ma, ai ba ji zan yi ba.)

Ranar da na karɓo, likita ya ba ni umarni biyu. Na farko, in maƙala akwatin a wajen aljihu inda kowa zai gani, in kuma gaya wa mutane don su riƙa fuskantata in za su yi magana. Na biyu, in riƙa rubuta wace murya nake ji a wace lamba, don in na dawo ya daidaita mini. Na ɗauki na biyu hannu bibbiyu, na bar masa na farko a kan teburinsa. Ni Usta guda, in yi yawo a kasuwa da waya a wuya, a riƙa nuna ni ana ga kurma? Ina isa shago na ja labule, na ɗinka wa jalabiyoyina uku aljihun ɓoye daga ciki, a ƙirji ta hagu. Na yi wa wayar hanya ta cikin wuyan riga, ta zaga ƙeya ta hau kunne. Sannan ni da ban taɓa wuce hula ba, na sayi farin rawani babba na naɗa shi ƙasa-ƙasa ya rufe kunnuwa. Aikin ya yi kyau, wallahi, ko ɗinkin ba a gani, har yau ina alfahari da shi.

Washegari duniya ta dawo mini. A cikin bas, muna hawa gada za mu tsallaka Umdurman, sai na ji wani abu ɗas-ɗas-ɗas a bayana. Na waiga, ashe kwandasta ne yake kaɗa yatsu yana neman kuɗin mota, kamar yadda suke yi tun fil'azal. Na manta cewa abin yana da ƙara! Na yi ta kallonsa ina murmushi har ya tsargu ya koma bakin ƙofa. Na ji cokali yana zagaya kofi, na ji almakashina yana cin yadi, na ji ashe takalmina na hagu ƙara yake yi, ko shekara nawa ya yi yana tona mini asiri, oho. Matsala ɗaya ce: tun da na ɓoye akwatin a cikin riga, duk motsin da na yi sai yadi ya goge shi in ji kamar an zuba tsakuwa a kwano. Dole na koyi zama ƙyam kamar an dasa ni, in tura ƙirji wajen mai magana, in zura hannu cikin riga a hankali in murza lamba.

Kun san gaisuwarmu ta nan, sai an dafa kafaɗar hagu an ɗan bubbuga kafin a yi musabaha. Da la'asar Idrisa ya taso da fara'arsa, hannunsa ya sauka daidai kan akwatin. Ya tsaya.

"Usta, mene ne wannan mai tauri?"

"Laya ce," na ce, ban ko yi tunani ba.

"Laya? Kai da kake mana wa'azi a kan masu laya?"

"Ƙirjina ne yake damuna kwana biyu."

Ya kalli ƙirjin, ya kalli wuyana, ya kalli sabon rawanin, ya ce Allah Ya sawwaƙe. Ni kuwa na zauna ina yaba wa kaina saurin dabara.

To nan fa bin ƙwaƙƙwafi ya tashi. Ina son in gwada na'urar a kan murya mafi ƙasa, kuma a shekarun nan murya ba ta yin ƙasa sosai sai an zo zancen gwamnati. Wani zai ce an zo da mota an tafi da maƙwabcinsa, sai in tura masa ƙirji, hannu a cikin riga, in ce, "Maimaita, amma a hankali kamar yadda ka faɗa ɗazu." Ya maimaita yana kallona. Sai in ƙara, "Yaya sunan maƙwabcin? Wa ya gaya maka?" Ba komai nake nufi ba, daɗin jin amsa kawai nake ji, shekara da shekaru ban yi tambayar da na ji amsarta ba. In an gama kuma in zaro littafin awona in juya baya kaɗan in rubuta wa likita: Idrisa, lamba uku. Hajja Batula, lamba huɗu. Mai yadi, lamba biyar, yana cinye magana. Sunayen mutane ke nan a jere, kowa da lambarsa, da kyakkyawan rubutuna.

Ba a yi mako ba na'urar ta fara ba ni matsala. In na doso bishiyar shayi ina hango bakuna suna motsi, ina zama sai tsit. In murza zuwa huɗu, tsit. In kai biyar, sai ƙarar tafasar buta da numfashin mutane. Na ce shi ke nan, an sayar mini da ruɓaɓɓen kaya. Na rufe shago da rana tsaka na koma benen nan, sau biyu cikin kwana goma, ina waige-waige kafin in shiga don kada wani ya gan ni. (An gan ni. Duk sau biyun.) Likita ya buɗe ta, ya auna, ya ce lafiyarta lau.

Na ce, "Likita, tana jin cokali, tana jin jaki daga ƙarshen layi. Mutane ne kawai ba ta ji."

Ya ce, "Watakila mutanen ne ba sa magana."

Na yi dariya har da buga cinya. Na ce masa lallai bai san Hausawan Umdurman ba.

Wani abin mamaki kuma, sai girma ya riƙa zuwa mini ta ko'ina. Hajja Batula ta fara zuba mini sukari cokali uku, a lokacin da kowa ɗaya yake samu da ƙyar. Maƙwabcina mai tabarmi, wanda ya shekara biyar yana tare mini ƙofar shago da kayansa muna faɗa, na wayi gari ya kwashe su tas har ya share wurin. Wani mai yadi kuwa duk lokacin da na gifta sai ya ɗaga murya ya ce, "Alhamdu lillahi, ƙasa tana ci gaba, komai tamam, lafiya lau!" Na zauna na yi nazari a kan wannan canji, irin nazarin masu hankali, na gano dalilinsa. Na koma gida na ce wa Hawwa ashe duk shekarun nan rawani ne ya rage mini.

Abin da ya farkar da ni rabin farkawa shi ne bikin takwarana, ɗan Idrisa. Tun yaron yana cikin zani ni nake masa kayan Salla, kuma kowa ya san jalabiyar angoncinsa tawa ce, har na ware yadin na ajiye. Sai na ji a bakin wani cewa an kai ɗinkin wurin wani tela a unguwar Mayo. Na tashi na je rumfar Idrisa, na same shi yana auna barkono.

"Malam Idrisa, me na yi maka?"

Bai ɗago ba. "Ba ka yi komai ba, Usta. Na ga ayyuka sun yi maka yawa yanzu, ban so in ƙara maka."

"Waɗanne ayyuka? Keke ɗaya ma nake da shi."

"Na lura," ya ce, ya ci gaba da awonsa.

Ran nan ban ci abinci ba. Raina ya ɓaci, kuma tsoro ya kama ni, don na ga shekara talatin tana zamewa daga hannuna ban san ta inda zan riƙe ta ba. Hawwa ta ce in je in gaya masa zancen kunnen kawai, ko mene ne zai warware. Na ce mata ina ruwan kunne da wannan, mata dai ba ku san sha'anin maza ba. Ta dube ni, ta dubi hannunta mai awarwaro ɗaya, ta tashi ta ba ni wuri.

Gayyatar bikin ma a bakin wani ta iso ni, ana jibi. Duk da haka na ce sai na je. Na sa sabon batir, na naɗa rawani, na hau bas zuwa Mayo, inda gidan Idrisa yake, da niyyar yau ko me ake ƙullawa a kaina sai na ji shi da kunnena. An kafa babbar rumfa a kan titi a ƙofar gidan, maza sun cika ta, za a ci abincin rana kafin a tafi masallaci ɗaurin aure. Aka fara shigo da manyan farantai. A al'adarmu faranti ɗaya na mutum biyar ne ko shida, a zagaye shi a sa hannu tare. Aka dire ɗaya a gabana, kuma na ga an zaɓo mini mai nama sosai. Na wanke hannu na jira abokan ci.

Babu wanda ya zo. Ga mutane can sun cunkushe su takwas su tara a faranti ɗaya, wani ma a tsaye yake miƙo hannu ta saman kafaɗar wani, ni kuwa ga fili a kewaye da ni har akuya za ta iya kiwo. Na ce, "Bismilla, jama'a, ku matso mana." Kowa ya dafa ƙirji ya ce alhamdu lillahi, ya ƙoshi, bakinsa cike da burodi. Ban taɓa jin kunya irin wannan ba. A garin nan ko baƙon da ba a san sunansa ba ba a barinsa ya ci shi kaɗai.

Mai hankali da a nan zai tashi ya tafi gida. Ni kuwa sai na ga mutanen farantin kusa da ni suna ƙus-ƙus suna satar kallona. Na karkata, na tura musu ƙirji, na zura hannu cikin riga na murza abin nan har ƙarshe, inda likita ya ce kada in taɓa kaiwa. Sai na'urar ta saki wani fito mai tsini, fiiii, wanda ya ratsa rumfar daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Hannaye suka tsaya a cikin miya. Ni ma na shiga waige-waige tare da kowa, wai ina neman inda ƙarar take fitowa.

Sai ga Idrisa ya taso daga wurin dattawa. Yana cikin fararen kaya, gumi ya jiƙa masa wuya. Ya zo gabana ya durƙusa. Na buɗe baki zan ce masa barka da arziki, sai na ga ba fuskata yake kallo ba, ƙirjina yake kallo. Ya sunkuyo ya kawo bakinsa daidai aljihun ɓoyen nan, ya tattaro duk muryar da yake kiran masu sayen barkono da ita.

"Assalamu alaikum, ku masu saurare! Ni ne Idrisa mai kayan yaji. Bikin ɗana ake yi, takardar izinin taro tana aljihuna. Duk abin da aka faɗa a wurin shayi ni na faɗa, sauran dariya kawai suka yi. In ɗaukar mutum za a yi, ni za a ɗauka. Amma don Allah a bari a ɗaura auren nan tukuna!"

Ku tuna na'urar tana lamba ta ƙarshe. Ban san yadda zan kwatanta muku ba, kamar an kifa mini tukunya a kai an sa duk maƙeran layinmu su buga ta lokaci ɗaya. Na kurma ihu, "Wayyo kunnena!" Na kai hannu na fizge rawanin, rawani ya tafi da waya, waya ta jawo akwati ta wuyan riga, sai ga shi yana reto a ƙirjina yana ta fito a gaban mutum sama da ɗari. Wasu suka watse. Wani dattijo da aka shigo da shi ana riƙe da hannunsa, da idona na ga ya fita ta ƙarƙashin rumfa ba mai taimako.

Ga ni tsaye, kai ba hula, sanƙo a waje, abin kunne ya faɗo, duniya ta koma shiru, bakuna kawai nake gani. A lokacin ne maganar Idrisa ta gama isa ƙwaƙwalwata. Masu saurare. Littafin awo. Benen da ba allo. Sukari cokali uku. Inna lillahi! Sai na ji bakina yana faɗin abin da na sayar da keke don kada in faɗa, kuma da ƙarfin da kurame suke magana:

"Kurma ne ni! Jama'a, kurma ne ni! Abin ji ne!"

Wani mutum da ya yi aiki a Jidda ya matso da taka-tsantsan, ya ɗaga akwatin da yatsu biyu, ya jujjuya, ya juya ya yi wa jama'a bayani. Na ga kafaɗu suna sauka. Na ɗauki abin kunnen na mayar a gaban kowa, na sauke lamba zuwa biyu. Muryar farko da ta shigo ta Idrisa ce, yana nan a durƙushe.

"Usta, wa ye bai san kai kurma ba ne?"

Na ce, "Kun sani?"

"Shekara shida muna maka ihu! Hajja Batula ce ma take raba mana, yau wane zai zauna kusa da kai, gobe wane, don kada maƙogwaron mutum ɗaya ya ƙare. Rana ɗaya ka zo da rawani kana jin raɗa, ga ƙarfe a ƙirji ka ce laya, ga waya a ƙeya, kana rubuta sunayenmu, kana shiga bene a Khartum kana waige. Keke ya tafi gyara bai dawo ba, muka ce ai ya samu wani aikin. Me kake so mu ce?"

Mutane suka fara dariya, irin dariyar da ke zuwa bayan tsoro, har da masu riƙe ciki. Shi bai yi ba. Idanunsa suka kawo ruwa, ya rage murya, kuma na'urar nan da na yi ta zagi ta kawo mini kowace kalma.

"Wata biyu ba na barci, ina cewa wanda na sa wa ɗana sunansa ya sayar da ni. Ashe ka gwammace in ɗauke ka maci amana da in ɗauke ka kurma?"

Kuka na yi, ni da gemuna, a tsakiyar rumfar biki, akwati yana lilo a wuyana.

Idrisa ya miƙe ya wanke hannu, ya dawo ya zauna a farantina, ya gutsuri burodi ya ce bismilla. Sai ga mutane suna tasowa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka ƙoshi ɗazu, har muka kai tara, naman nan ko ƙashi bai rage ba. Ango ya zo ya gaishe ni cikin jalabiyar telan Mayo. Kafaɗar dama ta fi ta hagu sauka da kusan yatsa biyu. Na yi niyyar in yi shiru saboda halin da nake ciki, amma na ɗan faɗa.

Kashegari sukarina ya koma cokali ɗaya, mai tabarmi ya dawo da kayansa ƙofar shagona har ya ƙara da wasu. Na fito da akwatin waje kamar yadda aka ce mini tun farko, sai ga shi ƙarar tsakuwar nan ta ɓace, ina jin kowa ba sai na sandare ba. Na koyi zama da ita: in cire in zan yi alwala, in goge mata gumi da ƙura, in kashe ta in maƙera sun kama aiki (wannan gata ne da masu lafiyar kunne ba su da shi). Na shekara ana gaishe da aljihuna kafin a gaishe ni, "Ina kwana, masu saurare?" Raɗar nan kuwa da na ƙagu in ji, da na zauna na saurare ta da kyau, yawancinta ciwon gwiwa ne da tsadar albasa da wanda ya zubar da ƙwallo a bakin raga.

Bayan kamar shekara biyu, wata rana da hantsi Idrisa ya shigo shagona ya ja labule da kansa. Ya zauna yana murza hularsa, ya yi zancen zafi, ya yi zancen barkono, sannan ya ce kunnensa na dama ya fara yi masa nisa, ko zan raka shi wurin likitan nan.

"Amma ka rufa mini asiri, Usta. Kada kowa ya ji."

Na ce masa in sha Allahu. Na raka shi, na taya shi zaɓe, na yi wa likita rabin tambayoyin da ya kamata shi ya yi. Da la'asar muka isa bishiyar shayi, tun Hajja Batula ba ta ɗauraye kofuna ba na miƙe tsaye na ce, "Jama'a, Malam Idrisa ya kurmance, daga yau a riƙa fuskantarsa in za a yi magana." Ya yi kwana uku ba ya amsa sallamata. Ban damu ba, don ni na riga na biya kuɗin wannan karatu da tsada: in ka ɓoye wa mutanenka ƙaramin abu, ba sa barin gurbin a buɗe, da abin da suka fi tsoro suke cike shi. A rana ta huɗu ya zo da kansa, waya a wuya, yana tambaya ko ina da batir.